Hayar gidan hutu a ƙauyen Faransa ga wanda ba ya jin Faransanci: tambayoyi da amsoshi

Wane irin gida ake magana a kai?

Faransawa na ce masa gîte. Gida ne da kayansa, da wurin girki da komai, wanda iyali ke haya na mako ɗaya ko biyu a karkara. Babbar ƙungiyar masu irin waɗannan gidaje ita ce Gîtes de France, wadda aka kafa a 1955, kuma tana auna darajar gida da zangarniyar alkama, daga ɗaya zuwa biyar. Wasu daga cikin masu gidajen manoma ne ko dattawan da suka yi ritaya, sau da yawa ma suna zaune a maƙwabtaka.

To, ba za su ji Turanci ba?

Wasu na ji, musamman a yankunan da 'yan Ingila ke yawan zuwa, kamar Dordogne da Normandi. Amma kada ka dogara da hakan. Dattijuwar da ke wani ƙauye a yankin Auvergne tana iya amsa maka saƙo da Turanci mai kyau saboda jikarta ce ta rubuta, ran da ka isa kuma ka tarar daga ita sai Faransancinta.

Manhajar fassara ba za ta wadatar ba?

Tana taimakawa ƙwarai a rubuce, kuma Google Translate na da Hausa. Sai dai fassara daga Hausa zuwa Faransanci takan karkace, don haka ka riƙa rubuta jimloli gajeru, tambaya ɗaya a kowane layi, ban da karin magana. A waya kuwa abin ya fi wuya, musamman wajen lambobi: Bafaranshe idan zai ce casa'in sai ya ce ashirin huɗu da goma, saba'in kuma sittin da goma. Kuɗi, kwanan wata da lokaci duk a rubuto maka da alƙaluma. Agogonsu na awa 24 ne, 16h na nufin ƙarfe huɗu na yamma.

Ɗan Najeriya yana da wata gata da Bature ba shi da ita: da wuya ya rasa ɗan'uwa ko aboki a Maraɗi, Damagaram ko Yamai da ya yi karatu da Faransanci. Tura masa takardar yarjejeniyar ya karanta maka da Hausa. Wannan ya fi kowace manhaja.

Mene ne ya fi cin mutane a takardar yarjejeniya?

Kuɗin kafin alƙalami. Dokar Faransa ta wajabta a rubuta yarjejeniyar hayar hutu, da farashi da bayanin gidan, saboda haka in mai gida ya ce ai magana ta isa, nemi wani gidan. A cikin takardar za ka ga ɗaya daga kalmomi biyu, arrhes ko acompte, kuma manhaja na iya fassara su da abu guda alhali hukuncinsu ya sha bamban. Idan arrhes ka biya, kana iya fasawa, iyaka ka yi asarar abin da ka bayar; in mai gida ne ya fasa, zai mayar maka ninki biyu, kamar yadda sashe na 1590 na dokar farar hula ya tanada. Acompte kuwa ciniki ne ya faɗa. In ka fasa, ana iya bin ka cikon kuɗin hayar gaba ɗaya, sai abin da takardar ta sassauta. Galibi kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari ake nema tun farko.

Wannan ya shafi mai jiran biza kai tsaye. Ana neman shaidar masauki wajen neman bizar Schengen, wato bizar shiga Faransa da wasu ƙasashen Turai, ke nan za ka biya kafin ka san ko za a ba ka. A ganina, tambayar farko da ya kamata ka aika ita ce: in an hana ni biza, nawa za a mayar mini? Amsar ta zo a rubuce.

Bayan kuɗin haya akwai wasu kuɗaɗe?

Akwai. Da caution, wato kuɗin ajiya da ake mayarwa in ba ka ɓata komai ba. Da taxe de séjour, harajin ƙaramar hukuma da ake lissafawa kan kowane baligi a kowane dare, yara 'yan ƙasa da shekara 18 ba sa biya. Zanin gado da tawul ba lallai suna cikin farashi ba, haka ma sharar ranar tafiya, kuma lokacin sanyi akan karanta mita a caje ka wutar ɗumama ɗaki. Ka lura da ƙidayar ɗakuna: trois pièces falo ne da ɗakin kwana biyu, ba uku ba.

Ranar isowa fa, ya zan yi da mai gida?

A watannin Yuli da Agusta yawanci daga Asabar zuwa Asabar ake haya, shiga da yamma, fita da hantsi. Fara da gaisuwa, Bonjour Madame ko Bonjour Monsieur, kafin ka ce komai. Bafaranshe na ɗaukar rashin gaisuwa kamar yadda Bahaushe ke ɗauka. Yi amfani da vous, lafazin girmamawa, kada ka ce wa dattijo tu.

Daga nan za ku zagaya gidan tare a duba lafiyar kaya, abin da suke kira état des lieux. A nan ba ka buƙatar harshe sosai: nuna da yatsa, ɗauki hoton duk wani tsagaggen faranti ko tabo a bango, da hoton mita, kafin ka sa hannu. Ka sa ya kunna tukunyar ruwan zafi da murhu a gabanka. Wasu kan ajiye kwalbar giya a matsayin barka da zuwa. Karamci ne, ka yi godiya ka ce ba ka sha, ba wanda zai ji haushi.

Idan wani abu ya lalace ana tsakiyar hutu?

Ɗauki hoto ka tura da gajeren saƙo a ranar, kada ka bari sai ranar tafiya, don a lokacin daga kuɗin ajiyarka za a cire. In kuwa lamarin gaggawa ne, gobara ko rashin lafiya, kira 112, lambar da ke aiki a duk ƙasashen Tarayyar Turai. Ka rubuta cikakken adireshin gidan ka liƙa kusa da ƙofa tun ranar farko, domin shi ne abin da za a fara tambayarka.