Hawan jini da ƙwaƙwalwa: yadda homon ke sauya aikin ƙwayoyin gado

Ba zuciya da jijiyoyi ne ke da alhakin hawan jini ba? Ina ruwan ƙwaƙwalwa?

Zuciya ce ke bugawa, amma umarni daga sama yake zuwa. A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani yanki mai suna haifotalamus. Shi ke aika saƙo zuciya ta ƙara sauri, hanyoyin jini su tsuke, ƙoda ta riƙe ruwa da gishiri. Idan saƙon ya yi yawa kuma ya ƙi sauka, awon jini sai ya zarce 140/90 ya zauna a can.

To, yaya homon ke taɓa ƙwayoyin gado?

Nan ne abin ya fi ba ni sha'awa. Homon sinadari ne da jiki ke fitarwa cikin jini don ya kai saƙo wani sashe. Ɗauki aldosteron, homon da aka fara tace shi a 1953. Wani ɗan ƙullutu da ke zaune a kan ƙoda ne ke fitar da shi. Da yake dangin maiƙo ne, yakan ratsa fatar ƙwayar halitta ya shige ciki, ya tarar da furotin ɗin da ke karɓarsa, su ɗunguma tare zuwa cibiyar ƙwayar inda DNA, wato rubutun gado, yake. Ba ya sauya rubutun gadon, sai dai ya sa a riƙa karanta wani shafi fiye da da, a rage karanta wani. Da haka ƙwayar ke ƙera sabbin furotin, idan ta ƙwaƙwalwa ce ta zama mai saurin harzuƙa. Wannan aiki yakan ɗauki sa'o'i ko kwanaki, shi ya sa tasirinsa ke daɗewa.

A gindin ƙwaƙwalwa ma akwai wasu 'yan ƙwayoyi da ke jin aldosteron sosai. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna idan suka motsa, kwaɗayin gishiri yakan tashi.

Ba an ce ƙwaƙwalwa na da shinge tsakaninta da jini ba?

Tana da shi, amma da 'yan kafofi. Ta nan wani homon mai suna anjiyotensin ke isa ga ƙwayoyin da ke tayar da ƙishirwa da tsuke jijiyoyi. Shi daga wajen ƙwayar yake ƙwanƙwasawa, saƙon ya bi ta ciki har cibiya.

Me wannan zai amfana wa mai fama da cutar?

Magunguna irin su losartan da spironolactone ƙofar waɗannan homon suke tosewa. Ba sa goge dalilin ciwon, shi ya sa jini kan sake hawa idan mutum ya ji sauƙi ya ajiye magani ba da sanin likita ba. Wanda kuma jininsa ya ƙi sauka duk da magani kala uku, ya dace a auna masa aldosteron. Tun 1955 likita Jerome Conn ya bayyana masu hawan jinin da yawan wannan homon ne tushen matsalarsu, kuma wasunsu aikin tiyata kan warkar da su.