Zaiba a ƙwaƙwalwa: tambayoyi da amsoshi kan furotin masu kama ƙarfe

Matasanmu da dama daga Mai Wurno da Gadarif suna tafiya haƙar zinariya a yankin Abu Hamad na ƙasar Sudan. A can ana cuɗa garin dutse da zaiba a cikin daro, a matse a ƙyalle, sannan a ƙona ɗan curin a kan wuta, mai ƙonawa kuwa ya sunkuyar da fuskarsa a kai yana jiran zinariya ta bayyana.

Ta yaya zaiba take kaiwa ga ƙwaƙwalwa?

Tururin da yake tashi ba shi da launi, ba shi da wari, kuma huhu yakan tsotse kusan kashi 80 cikin 100 na abin da aka shaƙa. Daga jini sai ya ratsa shingen da yake kare ƙwaƙwalwa. Da ya shiga, sai wani sinadari mai suna katalas ya sauya masa kama zuwa nau'in da ba ya iya fita da sauƙi, shi ya sa zaiba takan yi shekaru a wurin.

Wane tanadi jiki yake da shi?

Akwai wani ƙaramin furotin da ake kira metalotiyonin, wanda masana kimiyya Margoshes da Vallee suka fara ganowa a ƙodar doki a 1957. Cikin tubalansa sittin da 'yan kai, 20 sistin ne, mai ɗauke da farar wuta, ita kuwa zaiba tana manne wa farar wuta ƙwarai. Aikinsa na yau da kullum shi ne riƙe tutiya da jan ƙarfe, har ƙwayar tutiya 7 a lokaci guda, amma idan zaiba ta zo sai ta ture tutiyar ta maye gurbinta, furotin ɗin ya damƙe ta kamar yadda awartaki yake damƙe ƙarfe mai zafi. Tutiyar da aka saki kuma takan zaburar da ƙwayar halitta ta ƙera ƙarin furotin ɗin. Furotin ɗin nau'i-nau'i ne: a cikin ƙwaƙwalwa, na 1 da na 2 sun fi yawa a ƙwayoyin da suke yi wa jijiyoyi hidima, na 3 kuwa kusan na ƙwaƙwalwa ne. An gwada a ɓerayen da aka hana su na 1 da na 2, sai tururin ya fi yi musu illa.

To, ke nan mutum ya tsira?

A'a, kuma nan ne hankalina ya fi tashi. Damƙewa yake yi, ba ya fitarwa, kuma yawansa yana da iyaka. Zaibar da ta kuɓuce takan kama sinadaran da suke aiki da ma'adinin seleniyam, waɗanda suke kare jijiyoyi daga lalacewa. Daga nan sai karkarwar hannu, rashin barci, mantuwa, saurin fushi da kumburin dasashi. Nau'in zaibar da yake taruwa a kifi, wanda ya halaka mutane a Minamata ta Japan, inda aka gano cutar a 1956, bai cika zaburar da wannan furotin ba.

Akwai maganin da zai wanke ta?

Likitoci suna ba da magunguna irin su DMSA da DMPS, waɗanda suke jan zaiba daga jini da ƙoda ta fita ta fitsari, sai dai abin da suke cirowa daga ƙwaƙwalwa kaɗan ne. Saboda haka a ƙona curin a rufaffiyar tukunya mai mayar da tururi ruwa, a fili, nesa da ɗakin kwana, da mai juna biyu, da yara.