Tutar Najeriya

Tutar Najeriya tana da ɓangarori uku a tsaye masu faɗi ɗaya: kore a gefen sanda, fari a tsakiya, sai kuma kore. Tsawonta ya ninka faɗinta sau biyu. An fara ɗaga ta a matsayin tutar ƙasa ranar 1 ga Oktoba, 1960, a filin sukuwa na Legas, wanda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa, lokacin da aka sauke tutar Birtaniya da tsakar dare.

Tun daga 1914, shekarar da Gwamna Lugga ya haɗe Arewa da Kudu, tutar mulkin mallaka ce ke kaɗawa. Shuɗiya ce, da tutar Birtaniya a kusurwar sama, sannan da jan da'ira mai ɗauke da koren tauraro mai tsini shida, da kambin sarautar Ingila a cikinsa. Mutanen ƙasar Hausa sun san wannan tauraro da sunan hatimin Annabi Sulaimanu, kuma sun saba ganinsa a tafin hannunsu, domin shi ne a jikin anini da kwabo mai huji da ake ciniki da su a kasuwa.

Da 'yancin kai ya gabato, gwamnati ta shirya gasar zana tuta, aka samu zane kusan 3,000. Wanda ya yi nasara a 1959 shi ne Michael Taiwo Akinkunmi, saurayi ɗan shekara 23 daga Ibadan, wanda ke karatun injiniya a Kwalejin Fasaha ta Norwood a Landan. A jarida ya ga sanarwar gasar. Ladarsa fam 100.

Zanen da ya aika ba daidai yake da tutar yau ba. A tsakiyar farin ya sa jar rana mai haskoki, alƙalan gasar suka cire ta. Wannan gyara ya dace da halin da ƙasar ke ciki. A lokacin jihohi uku ne, Arewa da Yamma da Gabas, kowace da Firimiyanta da jam'iyyarta, kowace kuma tana sa ido kada a fifita wata. Tutar da babu jinjirin wata ko tauraro ko gicciye ko dabba a jikinta, babu mai cewa ta wani addini ce ko ta wata ƙabila. Maƙwabciya Nijar, wadda ta amince da tata tutar a watan Nuwamba na 1959, ita ta bar rana ruwan lemo a tsakiyar farinta.

Kore na nuni da noma da albarkar ƙasa, fari kuwa zaman lafiya da haɗin kai. Koren ba ado kawai ba ne a 1960. Arzikin ƙasar a gona yake: dalar gyaɗa a Kano, auduga a Funtuwa da Gusau, koko a Yamma, manja a Gabas. Man fetur, da aka gano a garin Oloibiri na yankin Neja Delta a 1956, bai riga ya karɓe ragama ba.

Dokar tuta da tambarin ƙasa ta 1960 ta hana a wulaƙanta tutar ko a ɗaga wadda ta lalace. Bisa al'ada ana ɗaga ta da safe a sauke da yamma, kuma ana sassauto da ita zuwa rabin sanda idan ƙasa na zaman makoki.

Akinkunmi ya dawo gida ya yi aikin gwamnati a Ibadan har ya yi ritaya, jama'a na kiransa "Mista Tuta". An daɗe ba a waiwaye shi ba, abin da ba ƙaramin sakaci ba ne ga mutumin da zanensa ke kaɗawa a gaban kowace makaranta da kotu. Sai a 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya ba shi lambar girmamawa ta OFR. Ya rasu ranar 29 ga Agusta, 2023, yana da shekara 87.