Maganin Ƙanjamau Ba Shi Ke Ƙarasa Mutum Ba

An daɗe ana cewa maganin ƙanjamau ya fi cutar illa, wai da zarar jiki ya canza sai a ajiye shi. Maganar tana da tushe. Tsofaffin ƙwayoyi irin su stavudine sun sa wasu kumatunsu sun zurma, ƙafafu na zafi kamar an taka garwashi. An daina ba da stavudine. Yawancin masu shan magani yanzu ƙwaya ɗaya suke sha a rana, mai ɗauke da dolutegravir.

Tashin zuciya, ciwon kai ko rashin barci sukan lafa cikin 'yan makonni. Amma idan ido ya yi rawaya, ko ƙuraje suka feso har cikin baki tare da zazzaɓi, ko numfashi ya yi wuya, ko fitsari ya ragu, a tafi asibiti ranar nan, kada a jira ranar karɓar magani. Likita zai iya sauya ƙwayar. Ajiyewa a ɓoye kuwa shi ke sa cutar ta bijire wa magani.

Ka karanta sunan da ke jikin kwalbar, ka tambayi mai ba ka magani illolinsa. Wanda ƙwayarsa ke ɗauke da maganin tenofovir ya nemi gwajin ƙoda.

Don Allah a tura wa 'yan uwa.