Daidaita rahotannin yarjejeniyoyin muhalli na duniya

Daidaita rahotannin muhalli shi ne ƙoƙarin da ƙasashe da Majalisar Ɗinkin Duniya ke yi na haɗa bayanan da yarjejeniyoyin muhalli daban-daban ke nema, domin kada ƙasa ta riƙa tattara abu ɗaya sau uku tana aika shi ofisoshi uku. Duk ƙasar da ta sa hannu a kan yarjejeniya, wajibi ne ta riƙa kai rahoton abin da ta aiwatar, kuma kowace yarjejeniya da nata fom, da nata wa'adin, da nata jami'in tuntuɓa.

Yarjejeniyoyin ba lokaci ɗaya aka ƙulla su ba, shi ya sa suka warwatsu. Ta Ramsar mai kula da fadamu da dausayi an ƙulla ta a Iran a 1971, ta CITES mai sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa a 1973, ta dabbobi masu ƙaura a birnin Bon na Jamus a 1979. Taron Riyo na 1992 a Burazil ya haifar da ta sauyin yanayi da ta kare nau'o'in halittu, sannan ta yaƙi da kwararowar hamada ta biyo baya a 1994. Sakatariyoyinsu ma a rarrabe suke: wasu a Bon, wata a Montiriyal ta Kanada, wasu a Suwizalan.

A 2001 aka kafa kwamitin tuntuɓa tsakanin sakatariyoyin yarjejeniyoyin Riyo uku. Waɗanda suka fi nisa a haɗin kai su ne na sinadarai da shara masu guba, wato Basel (1989), Rotterdam (1998) da Stockholm (2001), waɗanda yanzu suke gudanar da manyan tarukansu a jere a zama ɗaya. A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, mai hedikwata a Nairobi, ta buɗe shafin InforMEA a intanet, inda ake samun matanin yarjejeniyoyi da ƙudurorin taruka da rahotannin ƙasashe wuri guda.

Jihar Sakkwato misali ce mai kyau ta dalilin wannan aiki. Tana cikin jihohi 11 na Arewa da shirin Babbar Koriyar Ganuwa na dasa itatuwa don tare hamada ya shafa, wanda aka kafa wa hukuma ta ƙasa a 2015. A ɗauki gona ɗaya a Illela ko Tangaza, inda manomi ya bar gawo ya tsiro maimakon ya sare shi. A rahoton hamada, wannan ƙasa ce da aka farfaɗo da ita. A rahoton sauyin yanayi, itacen rumbu ne na iskar kabon. A na halittu kuwa, mazaunin tsuntsaye da ƙwari ne. Gawo ɗaya ne, amma in ma'aikata uku suka auna shi da ma'auni uku, alƙaluman ba za su taɓa haɗuwa ba. Haka abin yake ga fadamar Rima a ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo: mai noman albasa da shinkafa, da masunci, da makiyayi, da shamuwar da ke zuwa da damina, duk kowanne na shiga wani rahoto na daban, har maganin feshin da ake zubawa a gonakin rani yana iya faɗawa ƙarƙashin yarjejeniyoyin sinadarai.

Wurin da aka fi samun nasara shi ne awon lalacewar ƙasa. Ana duba abu uku: abin da ya lulluɓe ƙasar, da yawan yabanyar da take fitarwa, da kabon ɗin da ke cikin turɓayarta. Wannan awo ɗaya shi ke shiga rahoton hamada, shi ne kuma ma'auni na 15.3.1 a Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya. Akasarin bayanan daga tauraron ɗan'adam suke zuwa, kuma nan ne gizo ke saƙar, domin hoto daga sama na iya nuna kore alhali ciyawa ce da dabba ba ta ci, ko dogonyaro ne ya maye gurbin itatuwan gargajiya. Sai wanda ya taka ƙasar ya iya tantancewa.

A Nijeriya gwamnatin tarayya ce ke aika rahotannin, galibi ta hannun Ma'aikatar Muhalli da aka kafa a 1999, yayin da dokar sauyin yanayi ta 2021 ta samar da majalisa ta musamman kan wannan fanni. Amma filaye da mafi yawan gandun daji suna hannun jihohi ne, lissafin ruwan sama na wurin hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na madatsun ruwa kuma na wurin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Ƙarƙashin yarjejeniyar Faris ta 2015 kan sauyin yanayi, ƙasashe na miƙa rahoton sauyin yanayi duk bayan shekara biyu, kuma wa'adin na farko ya cika a ƙarshen Disamba 2024.