Bibiyar shawarwarin oditan cikin gida

Bibiyar shawarwari ita ce aikin da ke biyo bayan rahoton oditan cikin gida, wato mai binciken da kamfani ko ma'aikata ke ɗauka domin ya duba yadda kuɗi da ayyuka ke gudana. Odita ba shi da ikon yin gyara da hannunsa. Nasa shi ne nuna ɓaraka, ɗinke ta kuwa aikin manaja ne. Nan ne gizo ke saƙar, domin sau da yawa manaja kan sa hannu cewa ya amince, sannan rahoton ya shekara a aljihun tebur.

Ƙa'idojin Cibiyar Masu Binciken Cikin Gida, wadda aka kafa a Amurka a 1941, sun ɗora wa shugaban sashen bincike nauyin bin sawun kowace shawara. Idan manaja ya zaɓi zama da haɗarin da ya wuce kima, ana kai maganar ga manyan shugabanni, in ba ta warware ba a miƙa ta ga hukumar daraktoci. A aikace, kowace shawara akan rubuta mata sunan wanda zai aiwatar da ranar gamawa, a fara da masu haɗari sosai. Ba a rufe ta da "mun yi" kawai, sai odita ya ga shaida. Manajoji sun fi saurin cika wa'adin da aka zauna da su aka tsayar, a kan wanda aka aiko musu daga sama.

Misalin da aka fi kawowa shi ne bankin Barings na Landan, wanda aka kafa a 1762. A 1994 masu binciken bankin suka duba reshensa na Singafo, suka tarar wani ma'aikacin reshen mai suna Nick Leeson ne ke yin ciniki a kasuwa, shi ne kuma ke kula da sashen da ke rubutawa da tantance cinikin. An ba kura ajiyar nama ke nan. Suka ce a raba ayyukan biyu, amma ba a raba ba. Duk lokacin nan Leeson na ɓoye asara a wani asusu mai lamba 88888. Girgizar ƙasar birnin Kobe na Japan ta 17 ga Janairun 1995 ta kayar da kasuwar hannun jarin Japan, wadda cinikin Leeson ya dogara a kanta, asarar ta kai fam miliyan 827. Bankin ya durƙushe a Fabrairun 1995, kamfanin ING na Holan ya saye shi a kan fam 1.