Haɗin gwiwar kwalejojin sana'a da na ƙasashen waje: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Tun da maganar haɗin gwiwa tsakanin makarantun fasaha na gida da takwarorinsu na ƙetare ta yawaita a Gombe, iyaye da ɗalibai ba su bar malaman sana'a sun huta ba, kuma tambayoyin ba sa canzawa. Ga amsoshinsu a rubuce, domin duk wanda ya sake zuwa a miƙa masa ya karanta.

Za a kai ɗana ƙasar waje ne?

A'a, Alhaji. Idan ma tafiya ta kama, galibi malamai ne da shugabannin sassa suke zuwa na ɗan lokaci, su ga yadda ake koyarwa, su dawo. Ɗanka zai yi karatunsa a nan.

To, mene ne amfanin abin?

Amfaninsa shi ne a gyara manhajar da ta tsufa, a sake horar da malamin da rabonsa da taɓa sabon inji tun yana ɗalibi, a kuma sauya yadda ake jarraba yaro, ta yadda za a ba shi waya da filaya ya haɗa wayarin a gaban mai jarrabawa maimakon ya zana shi a takarda. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne bai taɓa ɗaukar mai difiloma aiki ya tarar bai iya riƙe kan walda ba.

Me ya sa kullum sai an ambaci Jamus?

Saboda a can ɗan koyo yana yin kwana uku ko huɗu na mako a kamfani, sauran a makaranta, na tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, kamfanin yana biyansa, ƙungiyoyin masana'antu da na masu sana'a kuma su ne suke yi masa jarrabawar ƙarshe. Tsarin yana da kyau, amma kamfanoni ne ƙashin bayansa, kuma a nan ne nake so masu yawan yabonsa su tsaya su ƙirga namu. Kamfanin siminti na Ashaka da tashar lantarki ta Dadin Kowa ba za su ɗauki dukkan yaran jihar nan ba. Masu ɗaukar yara da gaske su ne garejin bakanike, shagon walda, masu haɗa sola da teloli, don haka duk yarjejeniyar da ba ta sa waɗannan iyayen gida a ciki ba, ta tsallake wurin da aikin yake.

Na ji an ce Bankin Duniya ya ba mu kyautar kuɗi.

Ba kyauta ba ce, rance ne. A shekarar 2020 bankin ya amince da dala miliyan 200 domin shirin IDEAS na inganta koyon sana'a a Nijeriya, Gombe kuma tana cikin jihohi shida da aka fara da su. Kuɗin da za a biya ne, saboda haka kana da haƙƙin tambayar abin da aka yi da su.

Wata makaranta ta ce tana da haɗin gwiwa da kwaleji a Ingila, takardarta kuma tana aiki a ko'ina a duniya. In biya kuɗin?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsarta ta danganta da abubuwan da ba a rubutawa a allon talla. Da farko a nemi sanin sunan wa zai fito a kan takardar. Akwai bambanci mai girma tsakanin takardar da hukumar jarrabawa ta waje ta bayar da kanta, irin City and Guilds ta Landan wadda take wannan aiki tun 1878, da takardar halartar horo wadda makarantar nan ta buga ta manna tambarin abokiyar hulɗarta a kusurwa. Ta farkon tana da lamba da za a iya bincika, ta biyun kuwa shaida ce kawai cewa ka zauna a aji. Sau da yawa abin da ake kira haɗin gwiwa takardar fahimtar juna ce da shugabanni biyu suka sa wa hannu aka ɗauki hoto, ba ta wajabta wa kowa komai ba, wataƙila ma wa'adinta ya ƙare.

Na biyu, a tabbatar hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wato NBTE, da ke Kaduna ta amince da wannan kwas ɗin kansa, domin tana iya amincewa da sashen lantarki na makaranta ba ta amince da na gine-gine ba. Idan babu amincewarta, takardar za ta iya ba ka wahala a nan gida wajen neman aikin gwamnati ko ci gaba da karatu, komai kyawun sunan Turawan da ke jikinta.

Batun aiki a waje kuwa, ko takardar ta gaske ce, ba biza ba ce. Jamus ta sassauta dokar shigar ƙwararrun ma'aikata a watan Maris na 2020, amma a yawancin hanyoyin sai an auna takardarka da tasu, harshensu kuma yana da muhimmanci. Ingila tana buƙatar kamfani mai lasisi ya ɗauki nauyinka. Dokokin nan suna sauyawa, abin da ya yi wa wani aiki bara ba lalle ya yi maka bana ba. Duk da haka ban ce kada a biya ba. Idan kuɗin bai kai a sayar da gona ba, ɗakin aikin yana da injuna masu motsi, kuma an nuna maka waɗanda aka yaye suna cin abinci da sana'ar, horon zai iya biyan kansa ko da yaron bai taɓa wuce Kano ba. Idan kuwa abin da aka fi nanata maka shi ne jirgi da fasfo, riƙe kuɗinka.

Yaya zan gane ɗakin aiki na gaske?

Ka je ranar karatu ba tare da sanarwa ba. Ka duba ƙasa ko akwai ɓarɓashin ƙarfe da guntayen waya, ka duba hannun ɗalibai ko akwai baƙin mai. Injin da aka lulluɓe da leda, ƙura ta kwanta a kansa, filoginsa ko tsatsa bai yi ba saboda ba a taɓa sa shi a wuta ba, an kawo shi ne domin ranar buɗewa. Ka tambayi wa yake sayen man janareta, wa kuma zai kawo kayan gyara idan ya lalace. Mutanen Bauchi sun ga yadda kamfanin Steyr, wanda aka kafa da haɗin gwiwar Ostiriya domin harhaɗa manyan motoci da taraktoci, ya durƙushe daga baya, don haka wannan tambaya ba rashin godiya ba ce.

Ana ɗaukar mata?

Ana ɗauka, Hajiya, kuma ba ɗinki da girki kaɗai ba. Ki bar ta ta koyi haɗa sola ko gyaran waya idan shi take so.

Ni a gareji na koya, ban yi boko mai zurfi ba. An bar ni a baya ke nan?

Kwantar da hankalinka. Tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa da NBTE take kula da shi ya tanadi a jarraba abin da hannunka ya riga ya iya a ba ka takarda a matakin da ka kai, akwai kuma gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Ka nemi cibiyar da aka amince da ita, kada ka ba ɗan tsakani kuɗi ya kawo maka takarda gida.

Akwai alawus?

Wani shirin yana bayarwa, wani ba ya bayarwa. Ka karanta takardar shiga kafin ka sa hannu, kuma idan alawus ɗin ne kaɗai ya kawo ka, ka bar gurbin ga wanda zai zauna har a yaye shi.